Harafi Ɗaya Cikin Biliyan Uku

Ɗigon jini ɗaya ya isa. Ka ɗiga shi a kan ɗan gilashi, ka haɗa da ɗigon wani ruwan magani mai zuƙe iskar da ke cikin jinin, ka kifa masa wani gilashin marar kauri, ka bi gefunan da man basilin don kada iska ta sake shiga. Sai ka sa a ƙarƙashin madubin likita, ka ja kujera. Da farko jajayen ƙwayoyin jinin suna nan kewayayyu sumul, kamar an zube ƙananan faya-fayai. In jinin na mai sikila ne, kafin rabin sa'a za ka ga sun fara lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta yi tsini, waccan ta gantsare, har wurin ya cika da lauje.

Ina aji uku a jami'a na fara ganin wannan da idona, na daɗe ban ɗago kai ba. A gidanmu akwai ɗan Yayata, wanda duk sanyin hunturu sai mun kwana a zaune a kansa, yana ihu da ƙafa da gadon baya, uwarsa na gasa masa jiki da tsumma mai ɗumi tana hawaye. Mun san amosanin jini ta kukan dare da layin asibiti da neman mai ba da jini. Ran nan ne na ga kamanninsa, kuma daga kan wannan kujerar hanyar da ta kai ni digiri na uku ta faro.

Ƙannena maza da mata, da yawanku kun gama digirin farko a bayokemistiri ko maikirobayoloji ko ilmin dabbobi da tsirrai, wasu na bautar ƙasa, wasu na koyarwa a sakandare, kuma in mun haɗu tambayarku ɗaya ce: ta ina ake bi a yi digirin digirgir a ilmin ƙwayar halitta da sinadaran da ke cikinta? Zan faɗi hanyoyin. Amma ku bari in fara ba ku tarihin wannan laujen, domin wanda ya fahimce shi ya san abin da zai je nema.

A 1910 wani likita a Shikago, James Herrick, ya wallafa bayanin jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada, mai dogayen ƙwayoyi masu kama da lauje. Aka san siffa, ba a san dalili ba, har kusan shekara arba'in. Sai a 1949 ɗakin binciken Linus Pauling a Kalifoniya ya nuna cewa matsalar tana jikin himoglobin, furotin ɗin da ke dakon iska a cikin jini: in aka sa na mai lafiya da na mai sikila a ruwa aka saki lantarki, tafiyarsu ba iri ɗaya ba ce. Sunan Pauling duniya ta riƙe, amma wanda ya yi shekaru yana gwada wannan dabara ta ƙi, ya gwada waccan ta ƙi, ɗalibinsa ne na digiri na uku, Harvey Itano, Ba'amurke ɗan asalin Japan, wanda a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka tsare shi da iyayensa a sansani saboda asalinsu. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya ƙara matsowa kusa. Furotin kamar carbi yake, 'ya'ya a jere a zare guda, kuma ɗaya daga cikin zarurrukan himoglobin yana da 'ya'ya 146. Ingram ya nuna ɗa ɗaya tak aka musanya. Yau mun san na shida ne, kuma mun san daga inda musanyar ta taso: a rubutun gado na DNA, wanda haruffansa huɗu ne kacal, inda ya kamata a karanta GAG sai ya zama GTG. Harafi ɗaya cikin wajen biliyan uku. Shi ke sa himoglobin, da zarar ya sauke iskar da ya ɗauko, ya manne da 'yan'uwansa su zama dogayen sanduna, su tokare ƙwayar daga ciki. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin 10 zuwa 20, kafin ta mutu kuma ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Kukan ɗan Yayata ke nan.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan daɗewa ba amsa. Duk uwar da ta yi jinyar SS ta san jaririn lafiya lau yake watannin farko, sai wajen wata shida hannu da ƙafa ke fara kumbura. A 1948 wata likitar yara a Niyok, Janet Watson, ta danganta hakan da irin himoglobin ɗin da jariri ke zuwa da shi daga ciki, wanda ba ya yin sanduna. Bayan haihuwa jiki ke kashe shi sannu a hankali, ya kunna na manya. To, wa ke kashewar? Shekara sittin ana nema. A 2008, bayan binciken gadon dubban mutane ya yi nuni zuwa wani wuri, wani ɗalibi a ɗakin binciken Stuart Orkin a Bostan, Vijay Sankaran, ya nuna cewa furotin mai suna BCL11A ne makunnin: ka rage shi, himoglobin na jarirai ya dawo. Shi ma a lokacin aikin kundin digirinsa yake yi.

Ɗalibi na ukun kuwa ko asibiti bai kusanta ba. A garin Alicante na Sifen an ba wani ɗalibi, Francisco Mojica, nazarin wata 'yar halitta da ido ba ya gani, mai rayuwa a tafkunan gishiri na Santa Pola. Ba magani a ciki, ba kuɗi, ba suna. A 1993 ya ba da rahoton wasu haruffa da ke maimaita kansu a DNA ɗinta, da tazara a tsakaninsu. Ya riƙe wannan tambayar shekara goma bai sake ta ba. A 2003 ya gane cewa abin da ke cikin tazarar guntayen rubutun bairos ne, wato irin waɗannan halittu suna ajiye hoton maƙiyin da ya taɓa kawo musu hari don su gane shi in ya dawo. Manyan mujallun kimiyya suka yi ta mayar masa da takardarsa, sai a 2005 ta fito. Wannan shi ne abin da ake kira CRISPR. A 2012 Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka mayar da shi almakashi mai yanka DNA a duk inda aka nuna masa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2020, kuma cikin sunaye biyu na farko a takardar akwai wani ɗalibin digiri na uku a Biyana, Krzysztof Chylinski. Daga nan aka haɗa almakashin da makunnin. A 2019 aka ɗebi ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin wata mata 'yar jihar Misisifi, Victoria Gray, aka datse wurin da ke kunna BCL11A a cikinsu, aka mayar mata. Ciwon da ya saba kwantar da ita a asibiti ya ɗauke. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin, mai suna Casgevy.

Ku dubi hannuwan da suka yi aikin. Itano ya yi nasa kafin a haifi Mojica, shi kuma Mojica ko mafarkin sikila bai yi ba yana ɗiban ruwan gishiri. Kowannensu ɗalibi ne da ya zauna a kan ƙaramar tambaya guda, shekara da shekaru, a gaban malami guda. Digirin digirgir ke nan. Ya fi kama da karatun zaure fiye da jami'ar da kuka sani: ka durƙusa gaban mutum ɗaya, yana biya maka yana gyara maka, har ran da zai ce ka isa ka zaunar da wasu. Bambancin kawai, a zaure littafin yana nan a rubuce, a nan kuwa shafin da aka ba ka fari ne, malamin ma bai san abin da za a rubuta a kai ba. Wanda ya shiga don a kira shi Dakta a wurin ɗaurin aure, shekara ta biyu za ta yi masa tsawo ƙwarai, domin sunan yana can nesa, aikin kuwa kullum da safe yana jiransa.

Ga yadda yinin yake. Abokin aikinka na farko fifet ne, ɗan bututu mai maɓalli da ake ɗebo ruwa da shi gwargwadon maikirolita, kashi ɗaya cikin miliyan na lita, ɗigon da in ya maƙale a bangon kwalba sai ka ƙura ido za ka gan shi. Babban yatsanka zai danna shi sau ɗaruruwa kafin la'asar. Za ka yi kiwon ƙwayoyin jikin mutum a kwalabe, cikin jan ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37, kuma su kamar jarirai suke, ba su san Asabar ba, ba su san ranar Salla ba. Duk kwana biyu ko uku sai an canza musu abinci. Na sha saukowa daga Idi in wuce ɗakin bincike da babbar riga, in cire ta in sa farar. Wata safiya a shekarata ta biyu na buɗe inkubeta, na tarar ruwan da na bari ja garau ya koma rawaya, ya gurɓace kamar ruwan gasara. Bakteriya sun shiga. Wata huɗu na yi ina gina waɗannan ƙwayoyin, kuma saboda gaggawa ko kwalba ɗaya ban daskarar na ajiye ba. Na zuba musu bilic da hannuna, na fita bayan ginin na zauna a kan dakali, na kasa ko kiran gida. Malamina bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko littafina mu bi shi rana-rana mu ga ta inda ɓarawo ya shigo. Muka same shi a shafin wata Laraba, inda na rubuta da kaina cewa na buɗe kwalbar abincinsu a waje don akwatin tsabta na hannun wani. Da ban rubuta ba, da har yau ban sani ba.

Wannan littafin shi ne mutuncinka. Ka rubuta komai a ranar da aka yi shi, da biro, har kuskuren da kake jin kunyarsa. Mafi yawan gwaje-gwajenka ba za su yi ba, waɗanda suka yi ma sai ka maimaita su aƙalla sau uku, kowanne da gwajin shaida a gefensa, wanda aka yi wa komai ban da abu ɗayan da kake tambaya a kai. In shaida ta ƙi, duk kyan sakamakon ka watsar.

A nan ne jarrabawar gaskiya take, kuma ba mai sa ido a kanka. Ka yi gwaji sau biyar, sau ɗaya ya nuna abin da kai da malaminka kuke fata, huɗu sun yi shiru. Kuɗin tallafinka saura wata shida ya ƙare. Dare ya yi, kai kaɗai ne da kwamfuta, hoton kuma ɗan duhunta layi ɗaya kawai yake bukata. Na tsaya a wannan wurin, na san nauyinsa, kuma duk wanda ya yi wannan karatun ya san shi. A 2016 wata masaniya, Elisabeth Bik, da abokan aikinta suka duba hotunan takardun kimiyya sama da 20,000, suka sami kusan huɗu cikin ɗari da hoton da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba, wasu da kuskure, wasu da alamun ganganci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ba tsoron kamu nake so ya hana ka ba. Jinin da ke cikin kwalbarka wata uwa ce ta sa hannu ta yarda a ɗiba daga jikin ɗanta, don an ce mata zai amfani wasu. Amana ce. In ka ƙawata sakamako, wata ɗaliba a wata ƙasa za ta ƙona shekara biyu tana gini a kan tubalin toka. Ka kai wa malaminka duka biyar ɗin, ka ce ga abin da na gani.

Shi ya sa zaɓen malami ya fi zaɓen jami'a nauyi, nesa ba kusa ba. Sunan makaranta yana kan takarda, malami kuwa shi ne zai yanke tambayar da za ka yi aiki a kai, shi ke da kuɗin kayan gwaji, shi zai ce ka gama ko ba ka gama ba, kuma wasiƙarsa za ta bi ka shekara goma bayan ka bar shi. Kada ka tsaya ga abin da ya faɗa maka game da kansa. Da ɗan gari akan ci gari: ka nemi ɗalibansa na yanzu, ka nemi waɗanda suka bar shi, ka yi musu tambayoyin da ba sa cikin takardar talla. Shekara nawa na ƙarshen da ya gama ya yi? Sunan ɗalibi yana fitowa a farkon takardar da ya yi wa wahala? In gwaji ya lalace, yaya fuskarsa take? Sau nawa ake zama da shi a wata? Akwai wanda ya bari bai gama ba, kuma me ya kore shi? In ka yi tambaya ɗalibi ya yi shiru ya waiga ƙofa, ka sami amsa. Na ga haziƙai, waɗanda suka fi ni kai nesa, sun dusashe a hannun babban mai suna da ba ya da lokacinsu, na kuma ga matsakaita sun zama gwanaye a hannun matashin malami mai zama da su a kan benci. Wata al'ada tamu mai kyau tana iya cutar da kai a nan, wato sunkuyar da kai a gaban babba. Ladabi wajibi ne, amma a wannan sana'ar in malam ya ce layin nan yana nufin kaza, kai kuma idonka ya ga ba haka ba, ladabin shi ne ka faɗa, ka kawo hujja. Malamin kirki wannan ranar yake jira.

Hanyoyin shiga ba ɓoyayyu ba ne. A Amurka ana iya shiga da digirin farko, a yi shekara biyar zuwa shida. A shekarar farko kana zagaya ɗakunan bincike kamar uku kafin ka zaɓi inda za ka zauna, jami'a na ɗauke kuɗin makaranta tana kuma biyan ka abin zaman gari, kuma yawanci a farkon Disamba ake rufe karɓar takardu. A Jamus galibi sai da digiri na biyu, shekara uku zuwa huɗu, da albashi ko tallafi, ta makarantun Max Planck ko cibiyar EMBL a Heidelberg ko hukumar DAAD. Ingila ma uku zuwa huɗu ce, amma kuɗin baƙo yana da yawa, sai da tallafi irin na Commonwealth. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa sun fi sanin hanyar Faransa, shekara uku bayan digiri na biyu. Malaman manyan makarantun gwamnati a Nijeriya suna da TETFund. Shawarata guda a nan: in a waje aka ce ka biya wannan karatun daga aljihunka, kada a sayar da gonar gado saboda shi. Aiki za ka je yi musu, wurin da yake son ka zai biya.

Gida ma ana yi, kuma an yi. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok a Zariya ya yi digirinsa uku duka, a nan ya yi aikinsa kan wani inzayim na ƙwayar cutar sammore mai ɓata jajayen ƙwayoyin jini, har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2009. Christian Happi a Ibadan ya yi digirinsa na uku, kuma a cibiyarsa da ke Ede, jihar Osun, tare da abokan aiki na Legas, aka karanta rubutun gadon bairos ɗin korona karo na farko a Afirka, a watan Maris na 2020. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar WACCBIP, wadda aka kafa musamman don horar da 'yan Afirka a wannan fage. Sai dai a gida tambayoyinka za su ƙaru. Wa ke sayen kayan gwaji, ɗakin ko ɗalibi? Firizar da ke ajiye samfur a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, me ke riƙe ta in an ɗauke wuta? Na san wadda aikinta na shekara biyu ya narke a ƙarshen mako guda don man janareta ya ƙare ba wanda ya lura. Inzayim ɗin da aka yi oda daga waje cikin busasshiyar ƙanƙara, wata nawa yake yi a hanya, kuma da ransa yake isowa? Ka je da ƙafarka ka buɗe firizar ka gani. In ka sami tsarin da za ka ɗebi samfur a gida ka yi wani sashen aikin a waje, ka riƙe shi da kyau.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da masu ɗauka ke dubawa, fiye da sakamakon jarrabawa, shi ne ko hannunka ya taɓa aiki. Wanda ya taɓa fitar da DNA da kansa, ya yi PCR ta ƙi, ya gano dalilin ƙin ta, yana da labarin da zai ba su. Wanda aka yi wa aikin kundinsa a shagon bayan makaranta, tambaya biyu za ta tona shi. Ka sami ɗakin bincike kusa da kai, a jami'a ko asibitin koyarwa ko cibiyar noma, ka roƙi a bar ka ko da wankin kwalabe ne na wata uku. Ka koyi lissafin ƙididdiga da gaske, ka koyi R ko Python, domin yau rabin aikin a kwamfuta ake yin sa, kuma wannan rabin ba ya bukatar firiza. Ka karanta takardar bincike ɗaya duk mako, daga hotuna za ka fara, ka tambayi kanka ko sun isa hujjar abin da aka ce. In za ka rubuta wa malami, kada ka aika wasiƙa ɗaya ga mutum hamsin. Ka karanta aikinsa biyu, ka rubuta masa layi goma, ka ce a hoto na kaza na ga kaza, ya sa ni tunanin kaza. Irin wannan ce ake amsawa.

Ke kuma ƙanwata, na san naki lissafin ya fi nawa yawa. Shekarun karatun su ne shekarun da gida ke maganar aure da haihuwa. Ana haɗawa, na ga waɗanda suka haɗa, amma ba da dabarar ɓoye-ɓoye ba. Ki yi maganar a fili da wanda za ki aura tun kafin a sa rana, ki gaya masa akwai daren da gwaji zai riƙe ki har bayan isha'i. Ki tambayi ɗakin binciken yadda suka yi da ɗalibar da ta haihu kafin ke, ko an tsayar mata da agogo, ko an ci gaba da biyan ta. In kin sami juna biyu ki sanar da wuri, don akwai sinadaran da bai kamata ki taɓa ba a lokacin. Kuma duk malamin da ya fara wuce gona da iri, a baki ko a waya, ki ajiye shaida, ki kai ƙara inda ake kaiwa. Digirin ba nasa ba ne da zai yi miki ciniki da shi.

Akwai kaɗaici, ban ɓoye muku ba. Abokan ajinka za su yi mota su yi gini kana nan da jakar goyo. Hajiya za ta tambaye ka a waya yaushe za ka gama, ka rasa yadda za ka ce mata ƙwayoyi ne suka mutu. A ƙasashen sanyi rana na faɗuwa ƙarfe huɗu a hunturu, azumin bazara kuma ya yi tsawo. In ka ga barci ya ƙaurace maka, abinci ya fita ranka, ka fara jin kai kaɗai ne daƙiƙi a ɗakin, kada ka haɗiye. Ka gaya wa wani, ka ga likita, ka riƙe jam'i da mutanen da ba ruwansu da furotin. Bayan an gama ma ba kowa ke zama farfesa ba. Wanda ke son ɗakin kansa yakan ƙara shekaru yana aiki a ɗakin wani, sauran kuma suna kamfanonin magunguna, da hukumomi irin NCDC da NAFDAC, da cibiyoyin noma irin ta Samaru, inda aka fitar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar da ke huda kwanson wake a 2019. Duka aiki ne na mutunci.

Mu koma ga laujen, don tarihin bai ƙare ba. Kuɗin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, kuma kafin a mayar da ƙwayoyin sai an share ɓargon marar lafiya da magani mai ƙarfi, wanda ke iya hana haihuwa, ya yi makonni a ɗakin asibiti na musamman. Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan ciwo. An ƙiyasta ana haifar jarirai wajen 150,000 da shi duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Tsakanin Bostan da ɗakin Yayata akwai tafiyar da ba a yi ba tukuna, kuma ban ga wanda zai yi mana ita ba in ba ku ba. An fara. A Kano da Kaduna likitocinmu da abokan aikinsu na Amurka sun gwada ƙwayar haidiroksiyuriya, wadda ita ma himoglobin na jarirai take ɗagawa, don kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, sakamakon ya fito a 2022. A 2020 masu binciken H3Africa suka karanta gadon mutum 426 daga ƙasashen Afirka 13, suka sami bambance-bambance sama da miliyan uku da ba a taɓa rubutawa ba. Mutum 426 kacal. Me ya sa 'yan ɗaki ɗaya, duka SS, ɗaya ke kwanciya duk wata, ɗaya sai shekara ta zagayo? An san wani sashe na amsar, sauran yana cikin jinin yaran unguwarku, kuma wanda ya kwana a zaune a kansu ya fi kowa sanin abin da ya kamata a tambaya.

Ɗan Yayata yana raye, ya zama saurayi, yana shan ƙwayarsa kullum, yana koyon gyaran waya. Ranar da na dawo da takardar, bayan an watse daga cin tuwon murna, ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, ka samo maganin?" Na ce masa a'a, abin da na samo a shekara biyar shi ne yadda wani furotin ɗaya ke kama wani wuri ɗaya, da sharuɗɗan da ke sa ya saki. Ya yi shiru, sannan ya ce in nuna masa. Na ɗauko takarda da biro na zana masa carbin, na ƙirga har ɗa na shida. Washegari ya biyo ni ɗakin bincike, ya miƙa yatsa aka ɗiga jininsa a kan gilashi, ya ja kujera ya zauna yana jira.